Furar Fulera da Takardar Likita

Shekara ashirin da biyu Fulera na dama fura ranar Biyanu, babban bikin Agadas, a gindin katangar da ke bakin tsohuwar kasuwa, inda masu rawa ke biyowa in sun dawo daga Alarses, can bayan gari, da hantsi, maƙogwaro a bushe. Furarta ta gero ce da cuku da dabinon Ingal. Mutanen gabashin gari da na yamma, waɗanda ba su yarda da juna a kan komi ranar nan, a bakin ƙwaryarta kaɗai suke haɗuwa. Nasara ya zo ya tafi bai taɓa tambayar ta takarda ba. Sai da ƙasa ta dawo hannun ƴaƴanta, shekara biyar da mulkin kai, aka yi shela cewa bana duk mai sayar da abin ci ko na sha wurin biki sai da patanti, wato takardar izini, patanti kuwa ba ta fitowa sai an duba lafiyar mutum a likita, wato asibiti. Wanda ba shi da ita, gardin gwamnati ya kifar masa da kaya, a ba wani wurinsa.

Saura kwana huɗu ta tafi biro, ofishin da ake ba da patanti, gero kuwa ta riga ta surfe shi. Magatakardan wani saurayi ne mai tabarau, ɗan kudu, wanda ba ya gama magana sai ya yafa mata Faransanci. Ya rubuta sunanta a wata takarda rawaya ya turo mata.

"Ki kai wa infirmiye, malamin asibiti, Inna. Ya duba bakinki da farcenki, ya saurari ƙirjinki, ya sa hannu. Après, ki dawo."

"Wane infirmiye?"

"Guda nawa gare ku mai wannan aiki? Mushe Illo mana."

Fulera ta ji kamar an watsa mata ruwan tulu. Illo fa mijin Aissa ne, ƴarta ta fari. Suruki! Shekara shida da auren, ba ta san launin idonsa ba. In ya zo gaisuwa a zaure yake tuɓe takalmi ya durƙusa, ita tana amsawa daga bayan katanga. In ta hango shi a lungu, ta gwammace ta zagaye unguwa guda cikin rana. Shi ne yau za ta zauna gabansa ta wangame baki kamar akuya a kasuwa, ya ɗora mata ƙarfe a ƙirji?

"Yaro, wanga da kake faɗi surukina ne."

"Et alors? Ai ya fi sauƙi ke nan."

Ta dube shi sama da ƙasa. Kai, akwai waɗanda lakwal, makarantar boko, ta cinye su ɗanye! Ta roƙi a sake mata wani mai dubawa, ya ce babu. Ta ce to a duba ƙwaryarta da ludayinta, ai su ke taɓa furar, ya ce doka ba ta ce ƙwarya ba. Ta ce ya tambayi duk Agadas wa furarta ta taɓa kayarwa, ya ce ba a buga hatimi a kan duk Agadas. Ta fito ranta na tafasa, tana magana ita kaɗai har gida.

Maƙwabciyarta Kande ce ta kawo dabarar, Allah ya yafe mata. Kande dai bazawara ce mai tauna taba da kanwa, ba ta da surukin da take tsoro a duniya.

"Yaya Fulera, mi ke cikin wanga? Takarda ta san fuska? Ba ni, in je in buɗe musu bakin har su ga hanjina. Shi kansa surukin naki godiya zai yi."

Fulera ta miƙa mata takardar. Kuma gaskiyarta, da farko. Da aka kira sunan Fulera a likita, Illo ya sunkuyar da kai, zufa ta karyo masa. Da ya ɗan saci kallo ya ga Kande ce, sai ya sauke numfashi, ya gane abin da aka yi, ya ja bakinsa ya yi gum. Ya duba farce, ya leƙa baki, ya ɗauki alƙalami. Nan ne babban lokotoro, shugaban likitar, wanda ya dawo daga rangadi a safiyar, ya shigo yana zagaye. Nan ne kuma tarin Kande ya taso, tarin nan da duk unguwa ta ɗora wa taba tun bara. Lokotoro ya tsaya cak. Ya saurari bayanta, ya saurari gabanta, ya sa ta tofa a wani ɗan kwano. Sannan ya karɓi takardar ya ja mata jan layi biyu, ya yi magana da Faransanci. Tafinta kuwa, da murya kamar mai shela, ya juya ta a gaban matan da ke jiran layi, masu waina da masu ƙosai da masu kunu:

"Fulera mai fura, ana zaton tarin huka. Ba ta sayar da komi."

Waɗanda ke ciki sun ga Kande da idonsu. Amma waɗanda ke waje suna kawai suka ji, kuma su suka fi yawa, su suka fi sauri. Kafin la'asar an ce Fulera na tofa jini. Kafin magariba an ce ta jima tana tari cikin ƙwarya.

Kande ta dawo da ƙullin ƙwayoyi a bakin zane tana sharɓar kuka. "Ni ke da ciwo, ke ke da suna. Yaya, mun shiga ukku!"

Fulera ta rasa wanda za ta zaga. Kande abar tausayi ce yanzu. Ta ɗauki mayafi za ta je ta faɗi gaskiya, ko da kuwa buɗe bakin ne a buɗe, sai ga Aissa a ƙofa da jariri a baya.

"Inna, in kika faɗi, cewa za a yi ya sani ya yi shiru. Kuma ya sani. Korar sa za su yi, ko su jefa mu Bilma, can tsakiyar hamada."

Ta tsaya da mayafi a hannu. Wallahi ji ta yi kamar ta kurma ihu. Washegari duk da haka ta koma biro, ta ce ita dai a sake ba ta wata takarda, a sake dubawa, ba ta ce don mi ba. Mai tabarau ya buɗe littafi ya nuna mata sunanta da jan layi.

"C'est fini, Inna. Wanda aka ja wa layi sai bayan wata ukku."

"Biyanu jibi ne!"

"To baɗi ma akwai Biyanu."

"Dube ni da kyau. Na yi maka kama da mai tari?"

"Ni ba lokotoro ba ne."

Ranar biki wata mai kunu daga Dabaga ta shimfiɗa tabarma a gindin katangar, patantinta maƙale da allura a mayafi. Fulera ta dama furarta kamar kullum, don gero ba ya jiran wata ukku, ta fito da manyan ƙore biyu ƙofar gidanta. Sayarwa aka hana, ba a hana sadaka ba. Ta zauna tana kira, "Ku sha don Allah! Kyauta ce!"

Ganguna suka shigo gari, lungu ya cika. Mutanen da a da ke ture juna a kan ludayinta suka riƙa gaishe ta daga nesa, da ladabi ƙwarai, suna yi mata sannu da jiki. Wata ta fizge hannun ɗiyarta da ta nufo ƙwaryar. Rana ta take, fura ta fara tsami, ba wanda ya taɓa ko faifan da ke rufe. Ta daina kiran.

Sai ta ga farar rigar likita ta ratso taron. Illo ne. Ta yunƙura za ta faɗa gida kamar yadda ta saba, amma ya riga ya iso. Ya tuɓe takalmi a tsakiyar lungu, ya durƙusa gaban ƙwaryar, idonsa a ƙasa. Ya ɗauke faifai, ya cika ludayi, ya kai baki. A gaban surukarsa, a gaban gari! Matan lungu suka kama haɓa. Wani tsoho ya ce, "Subhanallahi, yau Illo ya zubar da kunya." Ya shanye, ya sake cikawa, yana haɗiya da ƙyar kamar mai shan maɗaci, ya juya don kowa ya ga infirmiyen gari na sha.

Fulera ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya ta fuskanci katanga. Hawaye na zuba, ita kanta ba ta san na kunya ba ne ko na mi. Can ta yi magana, da katangar take yi.

"Ku ce masa ya motsa ta. Cukun duk ya kwanta a ƙasa."