Ragar da Baba Ya Ɗaura

Tun da watan Oktoba ya kama Noelene mai gyaran esin mota ba ta ƙara sanin hutu ba. A garin Katherine haka abin yake: hadari ya haɗu ya yi baƙi ƙirin ya ƙi zuba, gari ya ɗauki zafi mai danƙo, sai kowa ya tuna esin motarsa ba ya sanyi. Mutumin da ya yi watanni bai taɓa makunnin ba, shi ne zai zo gareji yana huci kamar ita ta lalata masa. Ta gaji da su, ta gaji da motocinsu, gwiwoyinta ma sun gaji da ita.

Ana cikin haka yayanta Warrick ya turo hancin tsohuwar a-kori-kurar mahaifinsu cikin rumfa.

"Yaya, wannan gawar fa daga ina?"

"Gawar da ta zo da ƙafarta? Baba za mu kai gona, ke za ki tuƙa shi."

Mahaifinsu Clarrie yana gidan kula da tsofaffi, hankalinsa ya soma gushewa. Kullum maganarsa gonar shanun da ya yi wa aiki tun yana saurayi. Nas ɗin da ke kula da shi ta ce in za a kai shi a kai shi yanzu, don in ruwa ya sauka hanya ta yanke, ba lallai ya ga bushewarta ba. Amma sai a mota mai sanyi, zuciyarsa ba ta ɗaukar zafi. Shi kuwa tsohon duk motar da aka kawo sai ya turje, ya ce ba ya shiga motar mutane. Tasa kaɗai ya sani.

"Gas kawai za ki ɗura mata," in ji Warrick.

"Ka ji ka. Kowa gas, gas. Ku ko ciwon kai ya kama ku gas za ku ce a ɗura muku. Matsa min."

Ta ɗaga bonet ta jona agogon awo. Gas yana nan, bai zurare ba. Ta tayar da mota. Kwamfiresa, injin esin, ya kama, allura ta haura sama fiye da ƙima, ya saki. Ya sake kamawa, ya sake saki. Bel lafiya, fanka tana juyi. Ke nan zafin ne ba ya samun hanyar fita. Ta durƙusa da ƙyar tana tsaki, ta haska tocila ta hancin motar, sai ta ga raga.

Duk mai tuƙi a daji yakan ɗaura raga a nan, don kada 'ya'yan ciyawa da fara su toshe lagireto, in ta cika ya cire ya yar. Clarrie kuwa bai taɓa yar da komai ba a rayuwarsa. In raga ta tsufa sai ya ɗaura sabuwa a kanta. Ga su nan kan juna, jar ƙasa da fukafukan fara sun manne su sun zama kamar tabarma, ko numfashi ba ya ratsawa.

Ta ɗauko filaya ta soma yanke wayoyin. Kowace an murɗe ta an lanƙwashe bakinta ciki don kada ta yanki hannun yaro, irin murɗin da ya yi wa kekenta tana ƙarama. Haushinsa ya kama ta, tausayinsa ya fi kama ta. Ta ce wa Warrick zufa ce ta shiga mata ido, ya miƙo tiyo. Ta yi ta wanke kwandensa, wato lagireton esin da ragar ta toshe, har ruwan ya daina fitowa ja, sannan sanyi ya zo.

Washegari nas ta sa hannu a bakin iska ta gyaɗa kai. Clarrie ya shiga ba gardama yana shafa kujera. Warrick ya biyo su a tasa motar da keken guragu.

Suna sauka daga kwalta tsohon ya miƙa hannu ya kashe esin, ya murɗa gilashi ƙasa, ya ɗora gwiwar hannu a taga.

"Baba! Nas ta ce..."

"Man mota yake sha. Wa ya koya miki ɓarna?" Ya shaƙi iska. "Ana ruwa a yamma. Ba ki ji ƙamshi ba?"

Zafi ya cika motar. Noelene ta rage gudu. In ta rufe gilashin zai rikice ya ce a sauke shi, in ta bari ga zuciya. Ta dube shi. Zufa ta soma tsattsafo masa, amma rabonta da ganin idonsa a buɗe haka tun kafin a kai shi gidan nan. Ta sake kunna esin a hankali, ta juya duk bakunan iskar suna hura shi, ta bar masa tagarsa.

Fara ta faɗo kan gilashin gaba, wata ta biyo ta. Clarrie ya leƙa.

"Bana za a yi fara. In mun dawo ki tuna min in ɗaura mata raga."

"To, Baba," in ji ta.