Wanda Ya Share Gidan Illo

Ku yi mini afuwa, manya. Ban taɓa rubuta labari ba. In karambani ne, ku ɗora wa ƙuruciya, amma tunda na ɗauki biro ba zan aje ba sai na kai ƙarshe.

A Madarunfa, a unguwar da ke kallon tabki, akwai wata 'yar lakwal, wato 'yar makarantar boko, Bilki, wadda ba ta iya haɗa ido da babba. Karatu kawai ta iya. A ɗakin littattafan makarantarsu ta tono wasu tsofaffin littattafan Faransanci na wani mai binciken laifi da ko mushensu, malamin ajinsu, bai taɓa jin sunansa ba, gara ta cinye bangonsu. Mutumin ba ya riƙe bindiga. Ƙasa yake duba, ya tambayi kansa me aka yi a nan wanda mai laifi ba shi da dalilin yi.

Ran nan cikin watan cika-ciki, kawunta Illo ya dawo daga kasuwa ya tarar da turke ba akuya. Matarsa ta tafi suna, gida ba kowa tun safe. Nan take ya ce Kanta ne, maƙwabcinsa, tsohon da har yau yake bin addinin kakanninsa, don an ga nama shanye a kan dangarsa. Kafin la'asar maza sun taru a ƙofar mai unguwa, ana batun kiran jandarmomi. Kanta ya ce bunsurunsa ya yanka, kuma ba wanda zai rantse wa.

Bilki ta shiga gidan kawun nata. Igiyar kwance ta aka yi, ba yankewa ba. Tsakar gida fes. Illo ya riga ya gaya wa jama'a wai ɓarawon ne ya share sawunsa. To amma sharar ba ta tsaya a turke ba, ta zagaye murhu, ta kai ƙofar ɗakin Illo, an tara dattin wuri guda, an jingine tsintsiyar a jikin ƙofarsa.

Ta isa wurin taron, ta durƙusa ta yi gaisuwa, ta ce tana da magana. Illo ya ce ta koma gida, nan ba lakwal ba ce.

"Kawu, ba inda za ni. Wane ɓarawo ne ke share murhu?"

Wani ya yi dariya, wani ya ce yaran yanzu ba kunya. Bilki ba ta ɗago kai ba, ba ta kuma yi shiru ba. Ta tuna musu a wannan wata ne taubasai ke zuwa su share gidan ɗan'uwansu a ba su tukuici, in ba su iske shi ba su ɗauki abinsa su riƙe har ya biyo sawu. Ta ce a kira Inna Tani, taubashiyar Illo da ke aure a Gabi.

Illo ya ce ba zai ɓata lokacinsa kan tatsuniyar littattafan Nasara ba.

Bilki ta ce, "To nan zan zauna har jandarmomin su zo, in gaya musu da bakina."

Mai unguwa ya dube ta jim kaɗan, sannan ya miƙa hannu, Illo ya ba shi salula. Aka kira, aka buɗe murya kowa na ji. Kafin Tani ta gama amsa sallama, akuya ta yi kuka a bayanta.

"Illo ne? Sai yanzu ka gane, marowaci? Na share ma gida kamar na amarya, tsintsiya a ƙofarka, mi kake so in yi, in buga ganga? Ka taho da turmin atamfa, in ba haka ba gobe mu sha romo."

Wurin ya kece da dariya, ban da Illo, ban da Kanta. Tsohon ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. Mai unguwa ya ce a yi haƙuri, kuskure ne. Kanta ya ce gaban jama'a aka kira shi ɓarawo, gaban jama'a yake son ya ji an janye, kuma daga bakin Illo. Idanu duka suka koma kan Illo, yana ta gyaran murya yana murza hula.

Bilki ta zare takalmanta ta riƙe a hannu, ta ja da baya a hankali, ta bi ta bayan wani amalanke ta shige lungu.