Zoben Shugaban Sashe

A ɗakin gwajin sinadarai na jami'ar su Rusul a Basra, ko ɗan ajin farko ya san dokar: ba a zura hannu cikin akwatin gilashi da zobe ko dogon farce. Akwatin a toshe yake, cike da iskar argon, sai ta safar hannu ta roba da ke manne a jikinsa ake aiki. A ciki Rusul ta ajiye kwalbar sinadarinta na ƙarfe, ƙwayoyi jajaye kamar 'ya'yan rumman, waɗanda iskar waje na taɓa su sun mutu. Duk wahalarta ta neman digirin dakta a kansu ta ƙare, kuma washegari za a kai su Bagadaza a auna.

Sai ga Farfesa Muzaffar, shugaban sashe, da baƙi da mai hoto. Shi Farfesan rabonsa da riƙe kwalbar gwaji tun Rusul tana goye.

"Matsa, 'yata, in nuna musu aikinmu."

Aikinmu, wai! Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Rusul ta dubi ƙaton zoben azurfar da ke yatsansa.

"Ustaz, zoben..."

Dakta Intisar, mai duba aikinta, ta mintsine ta. "Rufa mana asiri," ta raɗa mata, "na mahaifinsa ne, ba ya cirewa."

Ya cusa hannu, ya buɗe kwalbar don launin ya fito, ya washe baki aka ɗauki hoto. Wajen zaro hannu zoben ya maƙale, ya fizga, robar ta yage. A gaban idonta ƙwayoyin suka yi hayaƙi, suka koma toka.

Zobensa ya fara dubawa. "Alhamdu lillahi, bai karce ba. Robar nan ta tsufa. Ki haɗa wani, ai ke yarinya ce."

Ran Rusul ya ɓaci. "Ustaz, na yi maka maganar zoben. Kowa ya ji."

"Wa ya ji?"

Dakta Intisar ta kama gyaran mayafi, baƙi suka dubi agogo.

Mako na zagayowa aka liƙa hoton a ƙofar sashe, Farfesa da murmushinsa da kwalba. Kullum Rusul sai ta bi ta gabansa kafin ta shiga ta fara aikin daga tushe, kullum hannunta na ƙaiƙayin yaga shi. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ba za ta iya ba, domin duk duniya a jikin hoton nan kaɗai jan ƙwayoyinta ya rage.