Ɗamarar Maɓalli

Tun da ido ya juya wa tsohon tela baya, sai hannu ya zame masa ido. Da hannu yake gane yadi mai kyau, da hannu yake sanin ko surukarsa ta goge tebur, da hannu kuma ya san karensa tun daga kunne har wutsiya. Maɓalli ya raɗa masa, saboda wani baƙin ɗigo da ke tsakiyar goshinsa, wanda rabonsa da ganinsa shekara huɗu ke nan.

Kafin hasken ya gama ɗaukewa, ɗinkin ƙarshe da ya yi shi ne ɗamarar karen. Ya yanko yadin tamfol, ya cusa soso a ciki don kada ta ci masa jiki, ya yi mata mariƙi a gadon baya. Kullum da hantsi sai ya sauko da ita daga ƙusar bakin ƙofa, ya ɗaura, ya kama mariƙin. Maɓalli ya ja shi su wuce mai faci, su tsallake kwata, su karya kwana wajen famfo, har shago.

Shagon yanzu yana hannun ɗansa, wanda kowa ke kira Bahago. Mutum ne mai shekara arba'in, har furfura ta fara leƙo masa, amma a wurin uban bai wuce ɗan koyo ba. Tsohon zai zauna a benci, duk rigar da aka gama sai ta bi ta hannunsa. Ya bi ɗinkin da babban yatsa, a gaban masu kaya.

"Wannan ɗinki ne ko tafiyar mashayi?" in ji shi. "Baiwar Allah, ki yi haƙuri. Shekara talatin ina dukan hannun hagun nan, ya ƙi jin magana."

Masu kaya su kwashe da dariya. Bahago ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da taka keke.

"Baba, da ka riƙa hutawa a gida," ya ce wata rana, murya ƙasa-ƙasa.

"In huta ka kashe mini suna? Muddin Maɓalli na da ƙafa, ni da bencin nan mutu-ka-raba."

Ranar wata Talata abin ya soma. Sun zo tsallake kwata, tsohon ya ja mariƙin kamar yadda ya saba, sai karen ya yi wata ƙara siririya, ya durƙushe. Tsohon ya tsuguna ya laluba ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, ko ƙaya ce, ko kwalba. Babu komai. Ya duba cikin kunnuwa ko kaska ce. Nan ma babu. Da ya kai hannu bayansa, sai ya ji fatar tana rawa kamar ta dokin da ƙuda ya dama.

Washegari Maɓalli ya ji ƙarar sauko da ɗamara, ya shige ƙarƙashin gado. Karen da a da shi ke tura hancinsa cikinta tun ba a kira shi ba. Tsohon ya jawo shi da lallashi, ya ɗaura, suka tafi, karen na tafe yana nishi.

Ya yi tunani iri-iri. Ko tsufa ne ya kama masa ƙashin baya? Ko yaran layi ne suka jefe shi? Abin da ya fi ci masa rai, ya ji da kunnensa surukarsa tana shafa kan karen wajen ba shi abinci, wutsiya tana bugun ƙasa. Amma shi da ya miƙa hannu, sai gurnani.

"Ni ne fa, Maɓalli," ya ce. "Ni ne. Me na yi maka?"

"Baba, karen nan fa ya canza," in ji Bahago daga bakin ƙofa. "Haka hauka ke farawa. Akwai yara a gidan nan."

"Haukan gidanku. Kai ni wurin likitan dabbobi ya duba shi."

"To, sai na samu sarari. Aiki ya yi yawa."

Sararin bai samu ba har kwana shida. A rana ta bakwai, wajen famfo, wani mai babur ya taho a guje. Tsohon ya ji ƙarar, ya fizgi mariƙin da dukkan ƙarfinsa don ya janye karen daga hanya. Maɓalli ya kurma ihu, ya juyo ya kafa masa haƙora a hannu. Nan take ya saki, ya kwanta a ƙasa yana kuka, yana lasar takalmin tsohon.

Mutane suka taru. Bahago ya iso da gudu, ya naɗe hannun uban da ƙyalle, ya sa surukar tsohon ta kai shi asibiti.

"Kada a taɓa mini shi," tsohon yake ta faɗa ana tura shi cikin mota. "Ba laifinsa ba ne, ciwo ne da shi. Ka ji ko, Bahago?"

"Na ji, Baba."

Da suka dawo bayan azahar, gidan shiru. Babu ƙarar farce a kan siminti. Tsohon ya kira sau uku.

"Masu kama karnuka sun zo," in ji Bahago. "Sun ce wanda ya ciji mai shi ba a barinsa. Sun riga sun yi masa allurar mutuwa, Baba. Bai sha wuya ba. Ga wannan, sun bari."

Ya ajiye masa ɗamarar a cinya, ya koma shago.

Tsohon bai yi kuka ba. Ya zauna a bakin gado, ɗamarar a hannu, yana shafa ta don ita kaɗai ta rage mai warin karen. Gashi duk ya manne a cikinta, wani wurin ya yi tauri kamar an zuba koko ya bushe. Ya kai hanci. Jini ne. Ya matse soson a tafin hannunsa mai lafiya, sai wani abu ya soke shi.

Ya saki, ya shafa: sumul, babu komai. Ya sake matsawa, ya sake jin sukar. Sai ya lalubo 'yar rezarsa ta farke ɗinki, ya bi gefen a hankali. Cikin soson ya ciro su ɗaya bayan ɗaya, ya jera a kan gwiwarsa. Karyayyun alluran keke, guda tara. An dasa su tsaye, an binne kawunansu daidai yadda ba za su fito ba sai an ja mariƙi. Wato duk ranar Allah shi ne yake soka wa Maɓalli su, da hannunsa, yana kuma tambayarsa me ya yi masa.

Ya koma kan sauran ɗinkin da bai farke ba, ya bi shi da babban yatsa. An maida zare cikin ramukan da shi ya huda tun farko, ɗaya bayan ɗaya, babu wanda aka tsallake. Shi ya sa kwana bakwai yana riƙe ta bai ji komai ba. Sai dai kowane ɗinki ya ɗan kwanta ta gefen da nasa ba ya kwantawa. Hannun hagu.

Da la'asar sakaliya ya ji takun ɗansa.

"Bahago, zo."

Takun ya tsaya a bakin ƙofa. Tsohon ya san yana kallon alluran da ke jere a gwiwarsa, don numfashinsa ya canza.

"Ka sa an yi maka, ko kai ka yi?"

Can Bahago ya ce, "Ni na yi." Muryarsa ba ta rawa. "Sau nawa na ce ka zauna a gida, Baba?"

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya sake bin ɗinkin da yatsa, daga farko har ƙarshe, kamar yadda yake yi a benci.

"Babu tafiyar mashayi a nan," ya ce. "Ko ni ban gane ba. Tun da na haife ka ba ka taɓa ɗinki mai kyau irin wannan ba."

Bahago ya tsaya. Shekara talatin yana jiran wannan magana. Ya juya ya fita, ya jawo ƙofar a hankali.

Washegari da hantsi tsohon ya tashi, ya sa hula, ya laluba har bakin ƙofa. Hannunsa ya kai kan ƙusa, ya same ta wayam. Ya daɗe a tsaye yana jin masu babur suna wucewa, sannan ya lalubi bango ya koma ɗaki.