Yatsa na Huɗu

A ƙasar Wasulu ba a raka maharbi da kuka, da ƙarar bindiga ake raka shi. Ranar sadakar arba'in ta shugaban maharba, Namori Dumbiya yana tsugune a gindin kaɗanya yana ɗura bindigarsa, sai ga Fadiyala Sidibe, molonsa rataye a baya. Shekara talatin suna shiga daji tare, ga wasan dangi tsakaninsu, ba su taɓa gaisawa babu zagi ba.

"Kai, bawana mai cin wake, ɗura min tawa," in ji Fadiyala. " Idon nan ya fara yi min gardama."

"Ido ne ko tsoro? Kawo nan, tsohon banza."

"Yatsu uku fa. Tsohuwa ce, ba ta son ƙoshi."

Haka awonsu yake: a zuba albarushi daga ƙaho, a zura sanda a danna, abin da ya rage na sandar a bakin bindiga a gwada shi da yatsu. Namori ya gwada, uku cif. Sai ya tuna bara an yi wa Fadiyala dariya, wai bindigarsa tusa ta yi a gidan makoki. Ya ce bari yau ya fitar da shi kunya, kuma maganar gaskiya, yana so ya ga yadda tsohon zai zabura. Ya ƙara yatsa ɗaya, ya miƙa masa bindigar.

Da Fadiyala ya harba, ƙarar kam ta cika gari. Da hayaƙi ya washe, bindigar ta tsage, hannun hagun Fadiyala saura yatsu biyu.

Dattawan maharba suka zauna. Dokarsu sananniya ce: wanda ya ɗura wa ɗan'uwansa fiye da awo, a karɓe bindigarsa, ya bar daji har abada.

"Wa ya ɗura?"

"Ni," in ji Fadiyala. "Tsufa ne."

Namori yana wurin. Bai tashi ya ce shi ne ba. Wai shi ne mutumin da ya taɓa tsayawa gaban ɓauna bai gusa ba.

Shekara guda ya yi yana kai cinyar duk abin da ya harbo gidan Fadiyala. Yakan ajiye ya juya da sauri, don kada ya ga molon a jikin bango, tsarkiyarsa ta tsinke, ba mai kaɗawa. Zagin ma ya daina, sai "ina kwana" kamar baƙo. Baƙin ciki ya ci shi, ya rame, abin kuwa bai mayar da ko farce ba.

Da wani maharbin ya rasu, aka sake taruwa. Namori ya ji an dungure shi da gindin bindiga, sabuwa, ta aro.

"Ɗura min, mai cin wake."

"Fadiyala, ranar nan ni ne na..."

"Na sani. Idona ne ya mutu, ba kunnena ba. Sau biyu na ji ƙahon ya zuba."

"To me ya sa ka..."

"Na rasa hannu, sai kuma in rasa mai zagina? Shekara guda kana ce min ina kwana, wannan ya fi ciwo."

Ya miƙo hannun hagun, ya ɗora abin da ya rage masa a kan sandar.

"Da nawa yatsun za ka gwada. Naka ba su da amana."

Namori ya ɗauki ƙahon, garin zubawa rabin albarushin ya zube a ƙasa.