Naman Kwiɓi Daga Jangeru

Ina juya naman a kan raga sai na ji muryar Asibi, matar maƙwabcina Hammadu, ta bayan katanga.

"Baban Nusaiba! Don Allah ka taho, Malam ba ya iya tashi!"

Na ajiye awartakin juya nama. Autata Nusaiba tana tsugune gefen murhu, ta zuba wa naman ido tun da na hura gawayin. Na ce wa uwarta Kulsumu ta kula da wutar, na zura takalmi na fita.

Naman nan Hammadu ne ya kawo mini jiya da la'asar. Ni tela ne a Ƙaura Namoda, shi kuwa dillalin shanu ne, yakan je Shinkafi ranar kasuwa, ya biya Jangeru wajen ƙanensa mai garke. Ya shigo zaurena da kwano a rufe ƙarƙashin babbar riga, ya ɗaure damtsensa na dama da tsumma.

"Kwiɓi na," in ji shi. "Tauri gare shi. Ka yanka shi a kwance, ka jiƙa da tsamiya ya kwana. Amma Dalhatu, kowa ya tambaye ka, ba ka san inda ya hito ba."

Wannan maganar ce ta tayar mini da hankali. Shekarar da aka fara shari'a ce a Zamfara, kuma ba a daɗe da yanke wa wani mutum hannu kan satar saniya ba. A shagona ba a wata hira sai ita. Ga nama ya shigo gidana a ɓoye, ga mai kawo shi yana cewa in yi shiru. Na so in mayar, kunya ta hana ni. Mutumin da ya yi mini tsaye ranar sunan 'ya'yana duka, yaya zan ce masa ɓarawo?

Na yanka naman fale-fale kamar yadda ya ce. Kulsumu ta daka citta da tafarnuwa da masoro, na zuba ruwan tsamiya da man gyaɗa da garin ƙuli-ƙuli, na murje shi da hannuna har ya shiga ko'ina, na rufe. Da safe na ƙi gasawa, don kada masu wucewa su ji ƙamshi su tambaya. Sai bayan azahar, da layin ya yi tsit, na hura wuta can ƙuryar gida.

Da na shiga gidansu na tarar da Hammadu kwance a kan tabarma, jikinsa kamar tukunyar da aka sauke. Tsumman ya kwance. Damtsen ya kumbura har kafaɗa, a tsakiya akwai wani gyambo baƙi ƙirin kamar an ɗora masa gawayi. Akwai kasko a gefensa, na leƙa, na kau da kai. Jini ne.

"Mi as same ka haka, Hammadu?"

Ya kama bakin rigata. "Kun ci?"

"Yanzu nike gashi."

"Kada yara su taɓa. Saifa ta."

Ban gane ba sai da ya yi bayani, yana tsayawa yana numfashi. Ciwon saifa ne, mai kashe shanu har ya kama mutum, ya shiga garken ƙanensa. Saniya ta fari ta faɗi a makon jiya, ta mutu kafin a kawo wuƙa, shi ya feɗe ta don a tsira da fatar. Da ta biyu ta fara rawar jiki sai suka yi abin da kowane mai dabba yake yi, suka yi maza suka yanka ta kafin ta zama mushe. Ya gasa hantar sama-sama ya ci a wurin, aka raba sauran.

"Mun yanka da bisimilla, jini ya zuba," in ji shi. "Na ɗauka ta halatta, shi ke nan. Tsoron malamin dabbobi munka yi, kada ya hana a sai da garken."

Ban tsaya jin sauran ba. Na fita a guje, takalmi ɗaya ya zauna a ƙofar ɗakinsa.

Kulsumu tana wanke-wanke, ta ba murhun baya. Nusaiba tana tsaye jikin rumbu, hannayenta a baya, leɓenta yana ƙyalli da mai.

"Nusaiba, kin ci?"

Ta girgiza kai.

"Buɗe bakinki."

Ƙuli-ƙuli ne a haƙoranta. Na duba ragar, yanka ɗaya babu, daga gefen da wuta ba ta kama sosai ba.

"Ƙarami na, Baba," ta ce, ta fashe da kuka. Ta ɗauka duka zan yi.

Na sa mata yatsa a maƙogwaro ta yi amai a ƙasa. Kulsumu tana salati tana tambayata, na ce mata naman saniya mai ciwo ne. Na sa ɗan uwana Idi ya nemo mota aka ɗauki Hammadu, ni kuma na goya yarinyar na bi su asibiti. Malamin asibiti ya ba ta ƙwayoyi, ya duba hannayena da na murza naman da su, ya ba ni nawa. Ya aika mutum Jangeru. Na tambaye shi ko za ta tsira. Ya ce in ta yi zazzaɓi ko ciwon ciki in dawo da ita ko ina cikin salla ne.

Hammadu ya cika washegari da hantsi. Asibi ta ce maganarsa ta ƙarshe tambaya ce, ko autar tela ta ci.

Na bi gawarsa maƙabarta, amma Allah ya yafe mini, rabin hankalina yana gida. Muna dawowa na haƙa rami mai zurfi bayan rumbu, na zuba naman da ragar, na tula itace na cinna wuta, na binne tokar. Na rufe shago. Aikina ya zama taɓa goshin Nusaiba. In ta yi tari sai in miƙe. In ta zauna shiru sai in ce ta tashi ta yi tafiya in gani. Har ta fara gudu in ta hango hannuna.

"Baban Nusaiba, za ka sa mata ciwon da ba ta da shi," in ji Kulsumu. Ita ma na kama ta tana latsa cikin yarinyar lokacin da take barcin rana.

Ranar sadakar bakwai Kulsumu ta ɗauko kwanon Hammadu. Na riga na ƙona shi a wuta, fentinsa ya tashi, ya yi baƙi. Ta ce ba a mayar da kwanon maƙwabci wayam, ta cika shi da gero.

"Ni zan kai ma Inna Asibi," in ji Nusaiba.

Na taɓa goshinta. Sanyi ƙalau. Uwarta ta ɗora mata kwanon a ka.

Na tsaya a bakin zaure ina kallonta. Tana tafiya a hankali, hannu ɗaya riƙe da gefen kwanon, tana kewaye takalman masu gaisuwa da aka zube a ƙofar gidan. Ta yi sallama da 'yar muryarta, aka amsa daga ciki, ta ɗaga labulen buhun ta shige.