Tuwon Tsakiyar Rafi

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, Naomi 'yar Fure ta ci jarrabawar shiga makarantar 'yan mata ta kwana a Kontagora. Ita ce mace ta farko da ta taɓa ci a Tungan Dogo. Fure ba ta san ko harafi ɗaya ba, amma ranar da hedimasta ya zo da labarin, sai da ta yi guɗa har muryarta ta dushe.

Mijinta Irmiya bai yi murna irin tata ba. Ya gama cin abinci, ya wanke hannu, sannan ya ce, "Ban hana ta karatu ba. Amma ba zan bar 'yata ta riƙa taka wannan daji da ƙafa, wuni guda, da akwati a ka, duk hutu duk komawa ba. In mota na zuwa garin nan, ta tafi. In babu mota, ta zauna."

Fure ta san mijinta. Dattijo ne a coci, kuma shi ne bakin Tungan Dogo a duk wani taro. In ya yanke magana ba ya waiwaye.

Mota kuwa ba ta zuwa. Tungan Dogo da maƙwabciyarta Kukar Audi hanya ɗaya suke bi, wadda ta ɓalle daga babban titin Kontagora zuwa Rijau. Tungan Dogo ake fara tararwa, sai Rafin Kanya, sai Kukar Audi. Mahmudu mai akori-kura a tashar Kontagora ya sha faɗa musu gaskiya: kayan gari ɗaya ba sa cika masa mota. In ba zai iya haye rafin ya kwaso na garuruwan biyu ba, ba zai ƙona mansa ba.

Shekara da shekaru abin da manyan garuruwan nan suka iya shi ne zama a gindin bishiya suna cewa gwamnati za ta yi. Duk baƙon da ya zo da farin wando a ba shi kaza, a nuna masa rafi, ya kaɗa kai, ya tafi. Gyaɗa tana ruɓewa a rumbu, mai naƙuda ana ɗaukarta a kan ƙyaure, su kuwa suna jira, kamar jiran ma sana'a ce.

Luka ne ya tayar da su. Tsohon soja ne da ya dawo daga yaƙi yana ɗingishi, ya kuma dawo da sanin yadda ake zuba kwalbati. Rani guda ya yi yana kai da kawo a kan keke tsakanin garuruwan biyu, yana rarrashi, yana masifa, har ya zaunar da su wuri ɗaya. Abin da suka tsara kuwa ya isa a yaba. Kuɗin siminti da rodi aka raba biyu daidai, kowane gida ya ba da abin da ya iya, mata suka sayar da man kaɗanya suka zuba nasu. Tungan Dogo ta ɗauki fasa dutse, Kukar Audi ta ɗauki haƙo marmara. Aka shirya ranakun da mota za ta shigo, da inda za ta tsaya a kowane gari, da cewa wannan mako ta fara lodi a nan, mako mai zuwa ta fara a can, don kada wani ya riƙa samun ragowar wuri kullum. Kowane gari ya gyara nasa ɓangaren hanya har bakin rafi. Saura kwalbatin, wanda sai hannun kowa.

Abu ɗaya kawai suka manta da shi, wato tuwo.

Ranar gayyar ta faɗo a ƙarshen bazara, ana zafi mai dafa mutum, hadari yana leƙowa ta gabas da yamma-yamma. Tun da safe maza suka shiga busasshen rafin suna haƙa, an kafa katako, an jera buhunan siminti a gefe. Fure tana cikin matan Tungan Dogo da suka kafa murhu a gaɓar wannan gefe. A ɗaya gaɓar matan Kukar Audi suka kafa nasu. Fure ta hango Madina, matar yayanta, tana ɗaure da zani a ƙirji tana ba da umarni. A Kukar Audi aka haifi Fure, aure ne ya hayo da ita rafin.

Hayaƙi biyu suka tashi lokaci ɗaya. Nan fa aka yi cirko-cirko.

Na'Allah, yayan Fure, shi ne sarkin noman Kukar Audi. Ya ajiye shebur, ya ɗaga murya. "Irmiya! Wa ya ce ku hura wuta a fadamar nan?"

Irmiya ya miƙe yana share gumi. "Tambayar da nake shirin yi maka ke nan, Sarkin Noma."

Kowa a wurin ya san abin da ake nufi. A ƙasar nan mai gona ne ke ciyar da 'yan gayya. Wanda ya hura wutar gayya a wuri, ya nuna wurin nasa ne, wanda kuma ya ci tuwon ya zama shaida. Fadamar Rafin Kanya kuwa tun kakanni ake jayayya a kanta. An taɓa kai ƙara gaban alƙali aka kawo duwatsun murhu da tsohuwar toka a matsayin hujja. Gaɓa da gaɓa, kowane gari cewa yake duka nasa ne.

"Ku kashe taku, ku zo ku ci namu. Baƙinmu ne ku," in ji Na'Allah.

"Baƙi? A gonar ubana?"

Luka ya taho yana jan ƙafa, ransa a ɓace. "Don Allah, ku kashe duka biyun! Kowa ya ci in ya koma gida. Siminti ba ya jiran shari'a!"

Wani tsoho da ake kira Baba Mailafiya, wanda ya zo don ya sa albarka kawai, ya buga sandarsa a ƙasa. "A'a, ɗan nan. Aikin hanya babu tuwo na san shi. Shi muka yi zamanin Turawa da bulala a bayanmu. Ba za a maimaita shi da jikokina ba."

Aka watsa ruwa a murhu biyun. Maza suka fito daga ramin, kowa ya koma gaɓarsa ya zauna a inuwa. Rana ta take. Samari suka fara jifan juna da magana ta saman rafi.

"Ku da tuwonku sai an sa gatari!"

"Ku fa? Miyarku kifi ya leƙa ya koma!"

Da farko ana dariya. Daga baya aka fara ambaton iyaye, dariyar ta ɗauke. Fure ta ga wasu na Kukar Audi suna ɗaure kayan aikinsu. Ta dubi buhunan siminti, ta dubi gabas. In aka watse yau ba za a sake taruwa ba sai bayan damina, ruwan farko kuma zai mai da simintin dutse. Man kaɗanyarta na cikin buhunan nan. Makarantar Naomi ma na ciki. Ita kuwa Naomi tana can cikin 'yan mata masu ɗebo ruwa, ta ajiye tulu ta yi tsaye, ba ta kallon kowa sai ramin da aka bari.

Fure ba ta shawarci kowa ba. Ta sunkuya ta ɗauki babbar ƙwaryar garin dawa ta aza a ka, ta gangara cikin rafin.

"Ina za ki?" Irmiya ya tambaya.

Ba ta juyo ba. Yashi yana ƙona mata tafin ƙafa. Ta haura ɗaya gaɓar, ta wuce ta gaban yayanta, ta durƙusa kaɗan ta ce, "Sannu da aiki, Yaya," ta nufi wurin mata.

Madina ta riƙe baki, ta tare ta da wasan da ke tsakanin mace da ƙanwar miji. "Mijina, lafiya? Ko yaji kika yi, kika taho da garin mutane?"

"Matata, matso da masakinki."

Cikin Dukanci, yarensu na gida, ta faɗa mata sauran, ƙasa-ƙasa. Madina ta saci kallon mijinta, ta dubi Fure. Sannan ta ja masakin garinsu ta buɗe. Fure ta juye nata a kai gaba ɗaya. Su biyu suka zura hannu har gwiwa suna cuɗawa, farar dawar Tungan Dogo da jar kaurar Kukar Audi, har launin ya zama ɗaya.

Na'Allah ya iso a fusace. "Fure! Me kika yi? Kin kwaso garin mijinki kin zuba a na gidan ubanki? So kike gobe su ce sun ciyar a fadamarmu?"

Fure ta ɗago. Ta miƙa masa faifai. "Yaya, in na yi laifi a gyara. Ga faifai, tsince naku, in koma da nasu."

Wata mata ta fashe da dariya, ta toshe baki da zani. Na'Allah ya dubi masakin, ya dubi faifan, bai karɓa ba.

Daga can gaɓar Irmiya ya ƙwala kira. "Ki dawo nan! Kin ba ni kunya a gaban mutane!"

"Ina zuwa, Maigida," ta amsa. "Rabin hanya zan zo."

Haka kuwa ta yi. Ita da Madina suka ɗauki masakin suka sauka tsakiyar rafi, ƙasa da inda ake haƙa, kan tudun yashin da ruwa ke shafewa duk shekara. Fure ta tono garwashin da bai mutu ba a murhun Kukar Audi, ta aika aka kawo na Tungan Dogo a kasko, ta haɗa su wuri ɗaya ta hura. Maimakon duwatsu, rami ta haƙa a yashin ta girka tukunya.

Ta ɗaga murya yadda gaɓa biyu za su ji. "Nan ba gonar kowa ba ce, hanyar ruwa ce. Babu dutsen murhu. Tokar nan ruwan farko zai tafi da ita. Wanda ya same ta baɗi ya kai wa alƙali."

Matan ne suka fara saukowa. Ɗaya ta zo da daddawa, ɗaya da kuka, wata da tukunya a ka, ba wadda ta tsaya neman izini. Aka zuba komai wuri ɗaya. Akuyoyi biyun da garuruwan suka tanada, limamin Kukar Audi ya yanka su, kamar yadda aka saba don kowa ya ci, aka haɗa naman a tukunya guda. Maza suna zaune a sama suna kallo, fuska a murtuke, hanci kuwa yana aikinsa.

Da tuwo ya nuna, Fure ta kwashe malmala ta farko ta kai wa Baba Mailafiya, ta durƙusa. Tsohon ya leƙa akushin.

"Na wane gari ne wannan, 'yar nan?"

"Wallahi Baba, ni ma da na tuƙa ban sani ba."

"To, abin da ban san mai shi ba, ba zan iya yi masa shaida ba." Ya yanko loma, ya dangwala a miya. "Gishiri dai ya yi kaɗan. Wannan kam na san na Madina ne."

Aka kwashe da dariya gaɓa biyu. Samari suka ruga cikin rafin. Luka ya riƙa tura mutane cikin da'ira, ɗan nan kusa da ɗan can, yana cewa a yi sauri, hadari ba ya cin tuwo.

Irmiya da Na'Allah ne ƙarshen saukowa. Fure ta ajiye akushi ɗaya a tsakaninsu ta ja da baya. Suka daɗe ba wanda ya miƙa hannu.

"Ƙanwarka ce," in ji Irmiya.

"Da tana hannuna ba haka take ba. Kai ka lalata ta."

"Bisimilla, Sarkin Noma."

"Kai ne dai za ka fara."

Tare suka sa hannu.

Abin da aka yi daga azahar zuwa faɗuwar rana, wanda bai gani ba ba zai yarda ba. Aka yi layi daga tulin dutse har bakin rami, kwano yana bin hannu, ba a tambayar na wane gari ne ke karɓa. Masu ganga na garuruwan biyu suka haɗa kiɗa ɗaya. Luka yana tsaye a kan katako yana ihu kamar a fagen fareti, yana korar duk kwaɓin da ruwa ya yi wa yawa. Liman ya naɗe riga yana dakon yashi, Irmiya yana juya shebur a gefensa. Mutanen da aka ce ba sa iya komai sai jira, su ne suka zuba kwalbati a wuni ɗaya, suka rufe shi da ciyawa da tabarmi kafin iska ta taso. Washegari aka dawo aka yi cikon gefe. Tuwon ranar ma a tsakiyar rafi aka tuƙa shi, kowa kuma ya ci.

Shari'ar fadama ba ta mutu ba. Na'Allah ya daɗe yana amsa gaisuwar ƙanwarsa a taƙaice, Irmiya kuma ya yi kwanaki ba ya yi mata magana sai ta dole. Fure ta haƙura da duka biyun, ta ci gaba da ɗinke wa Naomi zanin gado.

Da simintin ya ƙeƙashe, Mahmudu ya zo da kansa. Ya sauka ya zagaya kwalbatin, ya doddoka shi da ƙafa, ya koma ya ja motar a hankali, ruwan damina yana wucewa ta ƙarƙashi. Ya haye, ya je Kukar Audi ya yi lodi, ya dawo ya cika a Tungan Dogo.

Ranar tafiya makaranta Irmiya ya riga kowa tashi. Ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya ɗauki akwatin Naomi a kafaɗa, ya hana kowa taɓawa. A tasha ya tsaya ya kafe sai an ba yarinyar gidan gaba.

"Malam Irmiya, gaba na manya ne," in ji Mahmudu.

"Malama ce za ta zama. Ni in hau kan buhu."

Ya hau kuwa, ya zauna a kan gyaɗa da rigar cocinsa. Da injin ya tashi, ya leƙo ta saman bodi, ya nemi matarsa a cikin taron.

"Uwar Naomi! Me za a sayo miki a Kontagora?"

Fure tana share ido da bakin zani. "Ka dai kai ta har ƙofar makaranta," ta ce. "Ka ga inda za ta kwana."